Yadda Za a Yi Amfani da Tsarin Tantance Malamai Wajen Gyara Koyarwa a Aji

A makarantu da yawa akwai fom ɗin tantance malamai, kuma a mafi yawansu fom ɗin ba ya canza komai a cikin aji. Shugaban makaranta ko sufeto yakan shiga sau ɗaya a shekara, ya zauna a baya, ya ba da maki, malami ya sa hannu, a jefa takardar cikin fayil, washegari kuma darasi ya ci gaba kamar yadda aka saba. Matsalar ba ta ƙasa ɗaya ba ce. A shekarar 2009 wata ƙungiya a Amurka mai suna The New Teacher Project ta binciki hukumomin ilimi 12 a jihohi 4, ta gano cewa a wuraren da ake amfani da matsayi biyu kawai, wato "ya gamsar" da "bai gamsar ba", fiye da kashi 99 cikin 100 na malamai ne suke samun shaidar gamsarwa. Idan kowa yana cin tantancewa, to babu wanda ta nuna wa abin da zai gyara, kuma ɗaliban da suke zaune gaban malamin ne suke biyan kuɗin wannan sakaci.

Abin da ake nufi da tsarin tantancewa a nan shi ne rubutaccen bayani na yadda kyakkyawar koyarwa take, an rarraba shi ɓangare-ɓangare, kuma a ƙarƙashin kowane ɓangare an siffanta yadda aikin yake kasancewa a hannun malami mai rauni, da matsakaici, da ƙwararre. Babban amfaninsa shi ne yana ba mai duba da malami kalmomi iri ɗaya da za su yi magana da su a kan abin da ya faru a darasi, ta yadda hirar za ta tashi daga "ni dai a ganina" ta koma kan abin da dukansu biyu za su iya nunawa da yatsa. Makin da ke ƙarshen fom shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin aikin duka.

Zaɓen tsari da rage shi daidai ƙarfin makaranta

Tsarin da ya fi shahara shi ne na Charlotte Danielson, wanda ya fito a 1996. Ya kasa aikin malami kashi huɗu: shiri da tsara darasi, yanayin aji, koyarwar kanta, da nauyin da ke kan malami a wajen aji. A ƙarƙashin waɗannan akwai ƙananan sassa 22, kowanne da matakai huɗu na ƙwarewa. Akwai kuma CLASS, wanda Robert Pianta da abokan aikinsa suka samar a Jami'ar Virginia, wanda ya fi mai da hankali kan mu'amalar malami da ɗalibai, ana ba da maki daga 1 zuwa 7. Bankin Duniya ya fitar da nasa mai suna Teach a 2019, an tsara shi ne musamman domin ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kyauta ake samunsa, kuma ana duba darasi da shi a zubi biyu na minti 15 kowanne. Makarantar da azuzuwanta suke cike maƙil, masu duba kuma 'yan kaɗan, ya kamata ta fara leƙa wannan na ƙarshe. Idan kuwa ma'aikatar ilimi ta riga ta ba da nata fom, babu buƙatar a watsar da shi, domin duk abin da zai biyo baya a wannan rubutu ana iya yinsa da kowane tsari muddin yana siffanta aiki, ba halin mutum ba.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne ƙoƙarin duba komai a darasi ɗaya. Babu ɗan Adam da zai bi sassa 22 cikin minti 40 ya fito da wani abu mai ma'ana, kuma ma fiye da rabinsu ba a aji ake ganinsu ba, sai a shirin darasi da rijista da hulɗar malami da iyaye. A zaɓi sassa biyu ko uku a kowane zangon karatu, a sanar da kowa. Da za a nemi shawarata, da na ce a fara da yadda malami yake yin tambaya, da yadda yake gane ko ɗalibai sun fahimta kafin ya wuce gaba, saboda waɗannan biyun suna cikin kowane darasi, ko lissafi ko harshe ko kimiyya, kuma gyaransu ba ya buƙatar sayen komai.

Abin da za a yi kafin kowa ya shiga ajin wani

Bai kamata malami ya fara ganin ma'aunin da za a auna shi da shi a ranar da aka zo duba shi ba. A zauna da malamai duka, a karanta sassan da aka zaɓa layi-layi, a tambaye su yadda kowane mataki zai kasance a ajinsu, a kuma rubuta misalansu da kalmominsu. A tsarin Danielson, alal misali, bambancin da ke tsakanin mataki na uku da na huɗu a sashen tambaya da tattaunawa shi ne, a mataki na huɗu ɗalibai ne da kansu suke ƙirƙiro tambayoyi, suna kuma jawo 'yan uwansu da suka yi shiru cikin magana. Malamin da ya karanta wannan da idonsa, ya yi muhawara a kansa da abokan aikinsa, ya riga ya fara ƙaruwa tun ba a leƙa ajinsa ba.

Su ma masu duba suna buƙatar horo, kuma wannan shi ne abin da aka fi tsallakewa. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum biyu ko uku su kalli darasi ɗaya, ko a aji ko a bidiyon da aka ɗauka da waya da izinin malamin, kowa ya rubuta nasa ba tare da shawara ba, sannan a kwatanta. Karon farko sakamakon yakan ba da mamaki, domin wani zai ba da mataki na biyu, wani na huɗu, a kan abu ɗaya da suka gani tare. A ci gaba da yin haka har bambancin ya ragu. Shekarun da mutum ya yi yana koyarwa ba sa tabbatar da cewa idonsa ya daidaita da na abokin aikinsa.

Akwai wata magana da dole shugaban makaranta ya yanke ta tun farko, ya kuma faɗe ta a fili: wace ziyara ce ta gyara, wace ce ta hukunci. Malamin da ya san cewa ƙarin girmansa ko albashinsa ya rataya a kan wannan minti 40 zai kawo darasin da ya fi iyawa, ya kira ɗaliban da ya san za su amsa, ya ɓoye duk inda yake da rauni, kuma babu wanda zai ga laifinsa. A Amurka an kashe dala miliyan 575 a wani babban shiri da Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta tallafa wa, wanda ya ɗaura tantancewa da ɗaukar aiki da albashi da ƙarin girma, amma da cibiyar bincike ta RAND ta fitar da rahotonta a 2018 sai ta ce shirin bai cim ma burinsa na ɗaga sakamakon ɗalibai ba. A Ingila kuwa hukumar duba makarantu ta Ofsted ta daina ba kowane darasi maki tun 2014. Shawarar da ta fi dacewa ita ce yawancin ziyarce-ziyarce su kasance ba maki, kuma abin da aka rubuta a cikinsu ya tsaya tsakanin malami da mai duba.

Kafin ziyara a yi gajeriyar ganawa, ko da ta minti goma ce. Wannan tsohuwar dabara ce, tana cikin matakai biyar na duba koyarwa da Robert Goldhammer ya tsara tun 1969. Tambayoyi uku sun isa: me ake so ɗalibai su iya a ƙarshen darasin, ta yaya malamin zai san sun iya, kuma ina yake so a sa masa ido.

A cikin aji: rubuta abin da ya faru

Aikin mai duba a lokacin darasi shi ne ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji, tare da lokaci, ya ajiye ra'ayinsa sai daga baya. Wannan ya fi yadda ake zato wuya, domin hannu yana saurin rubuta "darasi ya yi armashi" ko "malama ba ta iya riƙe aji ba", alhali babu ɗaya daga cikin waɗannan da malami zai iya yin aiki da shi. Ga misalin yadda rubutu mai amfani yake:

"9:05. Malama ta rubuta 3/4 + 1/8 a allo, ta ce, 'Wa zai ba mu amsa?' Hannu shida a sama, biyar daga layuka biyu na gaba. Nan take ta nuna ɗaya. Ya ce, 'Bakwai bisa takwas.' Ta ce, 'Daidai ne. Kun gane?' Aji ya amsa baki ɗaya, 'Mun gane.' Ta goge allo. 9:09. Na leƙa littattafai takwas a layin baya, biyar sun rubuta 4/12."

Babu zargi ko yabo a wannan rubutu, amma duk abin da ake buƙata yana ciki. Gani ya kori ji. Idan aka nuna wa malamar wannan, ba za ta yi musu ba, domin maganarta ce da rubutun ɗalibanta.

A lura cewa layin da ya fi daraja a misalin nan ya fito ne daga littattafan ɗalibai. Mai duba da ya kafe idonsa a kan malami zai ga iya magana da kyawun rubutun allo, waɗanda suke da sauƙin burgewa, amma tambayar da ta kawo shi ita ce ko yara suna koyo. Don haka ya zauna a gefe inda zai ga fuskokinsu, idan an ba da aikin aji ya tashi a hankali ya zagaya, ya tambayi ɗalibi ɗaya ko biyu cikin raɗa, "Me kuke koyo yau? Ta yaya za ka san ka yi daidai?" Kada ya katse malami, kada ya gyara masa kuskure a gaban ɗalibansa, ko da kuskuren a bayyane yake. Wannan yana da lokacinsa.

Wasu abubuwa ƙirga su ya fi siffanta su. A zana taswirar kujeru a takarda, a riƙa sa alama a kan duk wanda aka tambaya, a ƙarshen darasi za a ga ko 'yan mata suna samun dama kamar maza, ko kuma an manta da wani ɓangare na ajin gaba ɗaya. A auna tsawon shirun da malami yake yi bayan ya yi tambaya. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta nuna tun farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suna ƙara tsawo da zurfi, ɗaliban da suke amsawa ma suna ƙaruwa. A kuma lura da inda lokaci yake tafiya. Hanyar da mai bincike Jane Stallings ta ƙirƙiro ita ce a ɗauki hoton ajin da ido sau goma a tsawon darasi, kowanne na daƙiƙa 15, a rubuta abin da malami da ɗalibai suke yi a daidai wannan lokaci. Da Bankin Duniya ya yi amfani da ita a azuzuwa fiye da 15,000 a ƙasashe bakwai na Latin Amurka da yankin Karebiyan, ya gano cewa lokacin da ake kashewa a kan koyarwa bai wuce kashi 65 cikin 100 ba, alhali mizanin da ake nema shi ne kashi 85. Ragowar yana tafiya ne a kiran suna, da rarraba takardu, da jiran a yi shiru, da fitar malami daga aji.

Daidaita shaida da tsarin

Bayan an fito, kuma kafin a ga malamin, sai mai duba ya zauna da rubutunsa da tsarin gefe da gefe, ya ɗauki kowace shaida ya ajiye ta ƙarƙashin sashen da ta dace da shi, sannan ya karanta bayanin matakan ya ga wanne shaidar ta fi kama da shi. Inda babu shaida, a bar gurbin haka nan. Ya kuma kiyayi kansa daga abubuwa uku: son malamin da yake da fara'a ko suke shiri, tausayin da ke sa a ba kowa mataki na uku don a zauna lafiya, da ɗora wa malami abin da ba nasa ba, domin aji mai ɗalibai masu ƙoƙari yana sa kowane malami ya yi kama da gwani.

Darasi ɗaya ba ya wakiltar malami. Binciken da aka yi daga 2009 zuwa 2013 a kan malamai kusan 3,000 a Amurka, wanda aka fi sani da MET, ya nuna cewa sai an duba darussa da yawa kafin hoton ya zama abin dogara, kuma kawo mai duba na biyu ya fi ƙara inganci a kan mutum ɗaya ya sake komawa. Gajerun ziyarce-ziyarce na minti 15 ko 20 a kai a kai sun fi doguwar ziyara ɗaya da aka yi wa shiri na musamman.

Ganawar bayan darasi

A nan ne gyara yake faruwa ko ya lalace. A yi ganawar cikin kwana ɗaya ko biyu, tun darasin yana sabo a ƙwaƙwalwa, a wuri keɓantacce, kuma idan da hali a ajin malamin, inda allo da littattafan ɗalibai suke kusa. Ba kowace nasiha ce take gyara aiki ba. Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara ɗimbin bincike a 1996 suka gano cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan da aka ba mutane bayani kan aikinsu, aikin ƙara lalacewa ya yi, kuma hakan ya fi faruwa idan bayanin ya karkata ga mutumin maimakon aikin. Wanda aka ce wa "ba ka da ƙwazo" zai shagala da kare kansa, wanda kuwa aka nuna wa littattafai biyar masu amsa iri ɗaya zai shagala da tunanin dalili.

A fara da abu ɗaya da ya yi kyau, a ambace shi dalla-dalla, domin malami ya san abin da zai riƙe. Sannan a kawo shaidar a bar shi ya fassara ta:

"Malama, da kika tambayi aji ko sun gane, sun ce sun gane. Bayan minti huɗu na leƙa littattafai takwas a baya, biyar sun rubuta huɗu bisa goma sha biyu. Me kike ganin ya faru a tunaninsu?"

Malamar da ta san darasinta za ta gane nan take cewa yaran sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Daga nan sai a buɗe tsarin tare, a karanta sashen duba fahimtar ɗalibai, a tambaye ta wane mataki take ganin shaidar ta nuna, da kuma abin da mataki na gaba yake buƙata. Mai duba ya rage magana. Idan shi ne ya cinye mafi yawan lokacin ganawar, to lacca ya yi, kuma abin da malami ya gano da bakinsa ya fi zama a ransa fiye da abin da aka karanta masa.

A fita da mataki ɗaya tak. Wannan yana da wuya ga mai duba da ya cika shafi uku da abubuwan gyara, amma malamin da aka ba abu bakwai ba zai yi ko ɗaya ba. Matakin ya zama ƙarami, wanda za a iya farawa gobe, wanda kuma ido zai iya gani. "Ki inganta tantance ɗalibai" ba mataki ba ne. Mataki shi ne: "Kafin ki bar kowane sabon misali, ki ba da tambaya ɗaya da kowa zai rubuta amsarta a takarda ya ɗaga, ki duba layin baya tukuna, idan kuskuren ya yi yawa ki sake bayani ta wata hanya." Kuma kada a tashi sai an gwada shi a nan take. Malama ta buɗe shirin darasin gobe, ta rubuta ainihin tambayar da za ta yi da wurin da za ta yi ta, ta tashi ta faɗe ta kamar ɗalibai suna gabanta. Manya sukan ji nauyin yin wannan a karon farko, amma sabon abu da ba a taɓa furtawa ba yakan ɓace da zarar hayaniyar aji ta taso.

Komawa, da abin da za a yi da sakamakon

A sa ranar komawa kafin a rabu, cikin mako ɗaya ko biyu, kuma a ziyarar ta gaba wannan mataki ɗaya kawai za a duba. Idan ya zauna, a ɗauki na gaba. Idan bai zauna ba, a nemi dalili, a ƙara ƙanƙanta shi, ko a shirya wa malamin ya je ya kalli abokin aikinsa da ya iya. Shaidar bincike tana goyon bayan wannan zagaye. Matthew Kraft da abokan aikinsa sun haɗa bincike 60 a 2018 suka ga cewa horar da malami ɗaya-ɗaya ta hanyar dubawa da tattaunawa yana gyara koyarwa sosai, yana kuma ɗaga sakamakon ɗalibai, ko da yake tasirin yana raguwa idan shirin ya faɗaɗa fiye da ƙarfin masu horarwa. A birnin Cincinnati na Amurka kuma, Eric Taylor da John Tyler sun nuna a 2012 cewa ɗaliban malaman da suka daɗe a aiki sun ƙara ƙoƙari a lissafi a shekarun da suka biyo bayan an tantance malaman da tsari irin na Danielson, wato amfanin bai tsaya a shekarar dubawa ba.

Kada a dogara da kallon darasi kaɗai. Littattafan aikin ɗalibai na makonni da suka wuce suna nuna abin da ake yi a ranakun da babu baƙo: irin aikin da ake bayarwa, ko ana gyarawa, ko ɗalibi yana komawa kan kuskurensa. Ra'ayin ɗalibai ma yana da amfani idan aka yi musu tambayoyi a kan aiki ba tare da sun rubuta suna ba, kamar ko malami yana sake bayani idan ba a gane ba. Sakamakon jarrabawa kuwa a yi hattara da shi, saboda yana ɗauke da abin da yaro ya zo da shi daga gida da daga ajin bara, kuma yana hawa da sauka daga shekara zuwa shekara ko da malamin bai canza komai ba.

A ƙarshen zango shugaban makaranta ya tattara abin da aka gani, ba tare da sunaye ba, ya duba inda raunin ya taru. Idan mafi yawan malamai suna tsallake duba fahimta, to taron horon malamai na gaba ya riga ya sami maudu'i, kuma masu koyar da shi suna cikin makarantar, su ne waɗannan biyu ko ukun da aka ga sun iya. Idan kuma shaidar ta nuna cewa minti goma na farkon kowane darasi suna salwanta saboda yadda aka tsara jadawali ko ƙarancin littattafai, gyaran yana kan teburin shugaban ne, kuma ya dace ya faɗi hakan a gaban malamansa.

Za a sami malamin da aka yi masa duk wannan amma aikinsa bai motsa ba. Shi ma yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya da wuri, a rubuce, tare da shaidar ziyarce-ziyarce da dama daga masu duba fiye da ɗaya, a fayyace abin da ake so ya canza, da taimakon da za a ba shi, da wa'adin da aka ɗiba. A kuma sanar da shi ƙarara cewa daga wannan rana ziyarar ta tashi daga ta gyara ta koma ta hukunci, a ba shi damar rubuta nasa bayanin a haɗa da fayil ɗin, sannan a bi ƙa'idojin aikin da hukumar da ta ɗauke shi ta shimfiɗa.